Tafin Hannun Kawu a Rami na Goma Sha Ɗaya

Na Allah muke, kuma Kawu ya riga mu komawa gare Shi. Ya rasu wata Talata da hantsi, lokacin da ganyen bishiyoyin unguwar Parkchester da ke Bronx ya fara zuba, muka kai shi makwancinsa washegari bayan azahar. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ne kuma ya kawo ni ƙasar nan.

A falonsa aka yi zaman makoki, hawa na huɗu. An kwashe kujeru an shimfiɗa darduma, takalma sun cika ƙofar gida har maƙwabta suna tsallakawa. Mutanen Kano suna gefen taga, 'yan Nijar masu shaguna a Fordham Road sun jeru jikin bango, 'yan Zangon Gana sun tare hanyar kicin kamar yadda suka saba. Kowa ya faɗi abin da ake faɗa: mutum ne mai haƙuri, ba shi da abokin faɗa, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ina zaune ina amsa gaisuwa, amma wanda suke yabo ba shi ne wanda na sani ba. Kawu yana da abokin faɗa. Ya yi faɗa na kusan shekara guda, ya kuma yi nasara. A batun murya kaɗai suka faɗi gaskiya.

Rana ta biyu da la'asar, sai ga amininsa kuma abokin aikinsa, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da duk muke kira Baba, ya shigo da mutum uku cikin koren kayan aiki, hulunansu a hannu. Biyu 'yan Dominika ne, ɗaya ɗan Meziko. Ba su san inda za su zauna ba, suka tsaya kusa da takalma. Wani Alhaji mai sayar da huluna ya sunkuyo ya tambaye ni ko daga ofishin masu gida suke. Na ce abokan aikin Kawu ne na filin golf. Sai ya ce ashe da gaske ne ciyawa marigayi yake gyara wa Turawa duk shekarun nan, shi ya ɗauka ba'a ake yi. Da ya zo wurinsa, ai da ya ba shi ko tebur guda ya riƙe.

Baba yana da ciwon gwiwa, amma kunnensa ƙalau yake. Ya juyo daga inda ya zauna.

"Alhaji, shekara ashirin kana sayar da hula. Wane lungu na Fordham ake kira da sunanka? Wannan da muka binne jiya, akwai wuri a garin nan da ya samu suna saboda shi."

Wasu suka sunkuyar da kai don kada a ga haƙoransu. Liman ya yi gyaran murya, ya ce tun da an fara, a ƙarasa. Abin da Baba ya ba da labari a ranar shi nake so in rubuta, haɗe da abin da bai sani ba, wato nawa laifin. Ina rubutawa ne domin ana shirin zuba ƙarya a kan tagulla game da wurin nan, kuma tagulla tana daɗewa fiye da shaidu.

Ga wanda bai san wasan ba: fili ne mai faɗin gaske, da ramuka goma sha takwas, kowanne da tutarsa, ana bugun 'yar ƙwallo da sanda daga nesa har ta faɗa rami. Kusa da kowane rami an haƙa kwari an cika shi da yashi, tarko ne ga wanda hannunsa ya kauce. Filin da Kawu ya yi wa aiki yana can gefen Bronx ta arewa, ya haura shekara ɗari, kuma ba zan ambaci sunansa ba. Aikin Kawu manjagara ne. Kullum kafin 'yan wasa su fito ya bi kwarurrukan nan ɗaya bayan ɗaya ya share yashin, ya bar shi layi-layi kamar kitso. Ya yi haka shekara talatin da ɗoriya.

A filin, kowane rami da kowane babban kwari yana da suna, kuma Kawu ya san asalinsu duka. Ya koya daga wani tsohon Ba'italiye da ya nuna masa aiki a shekararsa ta farko, wanda shi ma ubansa ya yi haƙa a wurin. Rami na uku ana ce masa Gonar Tuffa, don bishiyoyin da aka sare kafin a shuka ciyawa. Na bakwai Layin Dogo ne, har yau in an tona ana samun ƙusoshin jirgi. Akwai kwarin da ake kira Madafa, inda murhun wani gidan manoma yake a da. Ranar da suka kwashe tsohon yashinsa Kawu ya tsinci cokali, ya kawo gida, da shi yake zuba sukari. Wanda ya fi ba shi dariya shi ne Kabarin Likita. Wai wani likita ne ya yi ta bugu a cikin kwarin ƙwallo ta ƙi fita, har ya jefar da sanda ya zauna a baki ya ce a wuce, a nan za a same shi.

Yakan jero mini su kamar yadda ake jero unguwannin cikin birni, yana jiƙa ƙafafunsa a roba. Yakan ce Turawan nan ba su bambanta da mu ba, kamar Soron Ɗinki ne da Jakara a Kano: wuri ba ya cin suna sai wani ya yi aiki a nan, ko ya sha wuya, ko ya ji kunya a gaban mutane. Lokacin muna ɗaki ɗaya a unguwar Morrisania, ya bar mini gado yana kwana a kan darduma, wai bayansa ya fi son ƙasa. Da na ce ya nema mini aiki a filin ko na hutun makaranta ne, ya ƙi. Ya ce hannu ɗaya a dangi ya ishi manjagara, ni in riƙe alƙalami da kyau.

A shekarata ta biyu a ƙasar nan aka kawo musu sabon shugaban ma'aikata. Ma'aikatan suna da banɗaki guda a bayan rumfar injina, a nan Musulmin cikinsu, su biyar, suke alwala. Sabon oga ya shiga wata rana ya tarar da Baba da ƙafa a wurin wanke hannu. Washegari aka ga kwaɗo a ƙofar. Ya ce wurin wanke hannu ba na wanke ƙafa ba ne, mai bukata ya yi amfani da banɗakin roba da ke bakin hanya, wanda ba ruwa a cikinsa. Ƙarshen kaka ne, an riga an tsotse ruwan bututun filin don kada ƙanƙara ta fasa su. Kawu ya je ya roƙi makulli, oga ya ce sai an tashi. A wannan lokaci na shekara rana ba ta jira. Kafin a tashi, azahar da la'asar duk sun wuce.

Yana aiki a kwarin rami na goma sha ɗaya lokacin ya ƙure. Ya ajiye manjagara, ya durƙusa, ya dafa tafukansa biyu a kan yashin da ya gama sharewa, ya yi taimama, ya yi sallarsa a gefen ciyawa. Da ya idar ya ɗauki manjagara don ya goge shaidar, domin babu abin kunya ga mai wannan aiki kamar a ga sawu a bayansa. Ya tsaya yana kallon tafukan nan biyu. Sai ya saɓa manjagararsa ya wuce.

A nan liman ya katse Baba. Ya ce shi ya ji ana cewa filayen nan cike suke da tafkuna, to ta ina taimama ta halatta ga mai kallon ruwa? Baba ya ce tafkin yana nan, taku talatin, amma ana zuba masa wani magani da ke mayar da shi shuɗi kamar ruwan marina, don ya yi kyau a ido. Ruwan da launinsa ya canza kuwa, Malam ya fi kowa sanin hukuncinsa. Liman ya gyaɗa kai. Ya sake tambaya: to washegari fa, me ya hana shi zuwa da buta daga gida? Baba ya ce ai ya zo da ita. Da ruwa yake alwalarsa tun daga ranar. Amma kullum in ya gama share kwarin nan sai ya durƙusa ya dafa tafukansa a kusurwa ɗaya, ya bar su.

Ni ma na taɓa yi masa wannan tambaya. Abin da ya ce mini shi ne: "Na farkon na Allah ne. Sauran duk na oga ne."

Oga ya goge, ya yi gargaɗi. Washegari suna nan. Da bazara ta zo 'yan wasa suka yawaita, suka fara lura; wasu suna cewa yara ne ke tsallako shinge, wasu suna caca a kan ko yau za a gan su. A bakinsu aka fara jin sunan, da Turanci, ma'anarsa Hannu Biyu. Sai wata rana ƙwallon wani babba a cikinsu ta faɗa daidai cikin tafin dama, ta nutse, ya ɓata bugu uku kafin ya fitar da ita. Ya kai ƙara. Aka dakatar da Kawu mako biyu.

Na tuna makonnin nan. Ya zauna a ɗaki yana gyara rediyon da ba abin da ya same ta. Bai sani ba, a can fili tafukan ba su fasa fitowa ba. Baba ya dafa nasa ranar farko. Rana ta biyu ɗan Mezikon nan ya dafa, shi da ba ya alwala, shi ma dai an kulle masa banɗaki. Suka yi ta karɓa-karɓa, oga ya rasa wanda zai kama, kuma ba zai kori ma'aikata duka a tsakiyar kakar wasa ba. Kafin sanyi ya dawo an cire kwaɗon, an kuma kafa famfo guntu a bayan rumfa, daidai tsawon ƙafa. Kawu ya koma share kwarinsa tas, bai ƙara barin ko sawun tsuntsu ba. Sunan kuwa ya zauna. Bayan 'yan shekaru ya fito a takardar da 'yan wasa ke rubuta makinsu, a jere da Gonar Tuffa da Kabarin Likita.

Yanzu ga nawa laifin. Na gama jami'a, na zama injiniya a wani kamfanin gine-gine, na koma inda ba a jin Hausa a kan bene. In abokan aiki sun tambayi dangina nakan ce kawuna yana harkar golf, in bar su su fahimci abin da suka ga dama. Wata Asabar shugabana ya gayyace ni wasa, sai a hanya na gane filin da za mu. Na yi fatan ranar hutun Kawu ce. Ba ita ba ce. A rami na goma sha ɗaya yana tsaye gefe da manjagara, ya dakata kamar yadda aka umarci ma'aikata in 'yan wasa za su yi bugu. Na ɗaga masa hannu daga nesa, irin ɗagawar da ake yi wa mai gadi. Shugabana ya nuna kwarin ya ce Hannu Biyu ake ce masa, ya daɗe yana son sanin dalili, babu wanda ya sani. Kawu yana taku biyar daga gare mu. Na ce lallai suna ne mai ban mamaki.

Da Sallah ta zo na je gida, na durƙusa a gaban Kawu cikin mutane zan gaishe shi, sai ya ɗaga mini hannu, daidai yadda na ɗaga masa, ya juya ya ci gaba da hirarsa. Wata huɗu muka yi a haka, sai da matarsa, wadda muke kira Inna, ta sa baki. Da na je ba da haƙuri ya ce gaisuwa ba ta dame shi ba, ya san ƙasar da muke. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne an tambayi asalin sunan a gabana, na sani, na yi shiru.

Na ɗauka na koyi darasi. Bara Baba ya zo da labari cewa hukumar filin za ta kafa allon tagulla a kowane rami, a rubuta asalin sunansa. Wani tsohon lauya a cikinsu ne ya tattara tarihin. A kan na goma sha ɗaya ya rubuta cewa wanda ya zana filin tun farko ne ya yi kwarin da siffar tafuka biyu, in an duba daga sama. Kawu, wanda ya riga ya bar aiki kuma ciwo ya fara cinsa, ya yi dariya har da tari. Ya ce kwarin nan zagayayye ne kamar faranti lokacin da ya same shi, sau biyu aka canza masa siffa, kuma da shi aka yi haƙar. Sannan dariyar ta tsaya. Ya dube ni ya ce ga ranar alƙalami ta zo, in rubuta musu.

Na ce to. Sau uku na fara. Kowane karo sai in tsaya neman kalmar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba, ina tuna cewa wasu daga cikin waɗanda za su karanta suna ba kamfaninmu aiki. Na gaya wa kaina ina jiran lokacin da ya dace. Ya tambaye ni sau ɗaya, ya sake tambaya bayan wata biyu. Daga nan bai ƙara ba, ni kuma na ji daɗin da bai ƙara ba. Wannan jin daɗin ne ban yafe wa kaina ba.

Bayan addu'ar bakwai Inna ta kira ni ɗaki. Ta buɗe akwatinsa, ta zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa daga cikin fasfonsa na farko. Takardar dakatarwa ce, da hatimin filin. An rubuta sunansa cikakke, an rubuta laifinsa: barin shaidar tafin hannu a yashin rami na goma sha ɗaya, da gangan, bayan gargaɗi.

"Ya ce kada in ba ka sai ka tambaya," in ji ta. "Ba ka tambaya ba. Yanzu ni ce na ba ka, ba shi ba."

A shekaru talatin da ɗoriya na aiki, wannan ce kaɗai takardar da filin ya taɓa rubuta wani abu da Kawu ya yi.

Na nemi ganin hukumar filin, suka ba ni wata safiya. Na tafi da Baba da ɗan Mezikon. Ɗaki ne mai bangon katako, da hotunan matattun shugabanni a jere. Lauyan mutum ne mai ladabi. Ya saurari Baba har ƙarshe, sannan ya ce labarai irin wannan suna da daɗi, kowane fili yana da su, amma ba ya iya sa abin da ba shi da rubutacciyar shaida a kan tagulla. Na ajiye takardar a gabansa. Ya karanta sau biyu. Ya tashi ya ɗauko tarin tsofaffin takardun maki, ya yi ta juyawa, kuma zan yi masa adalci: da bakinsa ya ce sunan bai bayyana a ko ɗaya ba sai bayan wannan takarda.

Bayan mako biyu suka aiko da sabon rubutu. Sun janye maganar mai zane. Sun sa sunan Kawu. Sun ce an raɗa wa kwarin suna ne don tunawa da wani ma'aikaci mai biyayya da ke yawan ibada a wurin, alama ce ta yadda filin ya daɗe yana maraba da kowa.

Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Sunan kawuna a kan tagulla, a wurin da aka hana shi ruwa. Na je da saurina na fassara wa Inna. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta tambaya ina maganar kwaɗo. Na ce babu. Ina maganar mako biyu? Babu. Na fara yi mata bayani irin na masu ilimi: cewa a nan ba a samun komai gaba ɗaya, cewa wannan ma ci gaba ne, cewa sunan zai kai shekara ɗari a tsaye.

"Sunan wa?" ta ce. "Wannan mai biyayyar da suka rubuta, ni ban aure shi ba."

A teburin kicin ɗinta na rubuta amsar, ba ta kai layi biyar ba, kuma ban nemi kalma mai taushi ko ɗaya ba. Na ce iyalinsa ba su yarda a yi amfani da sunansa a wannan rubutu ba. In za a rubuta, a rubuta cewa an kulle wa ma'aikata ruwa, ya bar shaidar hannunsa, aka hukunta shi, 'yan uwansa suka ci gaba har aka buɗe. In ba za a iya ba, a bar shi. Na sa hannu da cikakken sunana da sunan aikina, don kada wani a cikinsu ya yi wahalar gano ko wane ne. Har yau ina tambayar kaina ko zan rubuta haka in ba don Inna ba. Na san amsar, kuma ba ta yi mini daɗi.

Ba su ba da amsa ba tukuna. An kafa alluna goma sha bakwai, suna ƙyalli. A rami na goma sha ɗaya akwai turke a tsaye da ramukan ƙusa huɗu, babu komai a kansa. Baba ya ce duk wanda ya iso wurin sai ya tsaya ya tambaya me ya sa wannan ba shi da allo, kuma wanda ya fi kusa a tambaya kullum mai manjagara ne. Dukansu sun haddace labarin, har sababbin da ba su taɓa ganin Kawu ba, kuma da kwaɗo suke farawa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya shayar da shi daga ruwan da babu mai riƙe da makullinsa. Mu kuma da muka rage, turken nan zai iya tsayawa haka har ya ruɓe. Ba mu gaggawa.